Yadda Ake Zagaya da Baƙin Mai Cikin Inji Kafin a Tayar da Shi Karon Farko

Injin da aka sauke, aka wanke, aka sa masa sabbin metal (siraran ɓawon ƙarfen da kiranshaf ke juyawa a kansu) da ring, aka mayar da shi mazauninsa, aikinsa bai ƙare ba sai baƙin mai ya ratsa kowace hanya da ke cikinsa. Zuba mai ta bakin da ke sama ba ya biyan wannan buƙata. Man da ka zuba gangarawa yake yi ya kwanta a kaskon ƙasa, amma famfon mai, da filta, da dogayen hanyoyin da ke cikin bulok, da ƙananan hudojin da ke jikin kiranshaf, duk iska ce cike da su. In ka murɗa makulli a haka inji ya kama, zai shiga juyi sama da dubu a minti ɗaya alhali famfo bai gama korar iskar ba.

A yawancin ƙananan motoci, ratar da ke tsakanin kiranshaf da metal ba ta wuce 0.02 zuwa 0.06 na milimita, wato kaurin gashin kai ko ƙasa da haka. Mai ne ke cika wannan rata, shaf ɗin yana juyawa a kansa ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba. Idan babu mai, fatar metal mai laushi ce ke gogewa, kuma ɓarnar ba ta cika bayyana a ranar ba. Mota za ta tashi, ta bar garaji lafiya, sai bayan 'yan watanni fitilar mai ta fara ƙiftawa idan inji ya yi zafi yana silo, wato yana aiki ba a taka totur ba, daga nan sai ƙwanƙwasa. A lokacin sai a ɗora laifi kan kayan da aka saya, alhali daƙiƙun farko ne suka cinye su. Haka lamarin yake ga injin da aka sayo daga waje wanda ya yi watanni a ajiye, irin waɗanda ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko ta Ladipo a Legas, da injin motar da ta shekara a tsaye: man da ke jikinsu ya daɗe da tsiyayewa.

Aikin yana farawa tun wajen haɗi

Kowane metal, na kwance (waɗanda ke riƙe kiranshaf a jikin bulok) da na kon rod, a shafa masa man haɗa inji kafin a ɗora shaf. Wannan mai ne mai danƙo da aka yi shi domin ya manne har man famfo ya iso, sannan ya narke a cikinsa. A fuskar da shaf ke gogawa kawai ake shafawa, bayan metal kuwa a bar shi a bushe tsaf, domin zamansa daram a mazauninsa shi ke hana shi juyawa. A shafa wa kamshaf, mazauninsa da ƙusoshinsa (tuddan jikinsa masu buɗe bawul), da kan tapet ɗin da suke turawa. Ring da bangon silinda ba sa son mai danƙo, baƙin mai na yau da kullum ake shafa musu kaɗan don ring ya samu ya zauna da bango.

Famfon mai shi ne inda aka fi yin sakaci. Famfo busasshe ba ya iya tsotso sosai, domin iska na kuɓucewa ta tsakanin haƙoransa. Kafin ka rufe shi, zuba masa baƙin mai ka juya shi da hannu har haƙoran su jiƙe. Idan injin zai kwana biyu kafin a tayar, ko famfon yana zaune sama da matakin man kasko, cusa man basilin tsakanin haƙoran ya cike gurbin. Basilin yana toshe hanyar iska har famfo ya kama tsotso, da inji ya ɗumama kuma sai ya narke ya bi mai. Kada a sa giris ɗin boris na ƙafa a wannan wuri. An yi shi ne don ya jure zafi, ba ya narkewa da wuri, yana iya toshe filta ko wata siririyar hanya.

Duba bututun da ke tsotso mai daga kasko. Rariyar bakinsa ta zama fes, gasket ko zoben robar da ke haɗa shi da famfo ya zama sabo, a ɗaure shi da kyau. Idan kaskon ya loɓa daga ƙasa, kamar yadda yake faruwa da motocin da ke bin hanyoyi masu duwatsu ko waɗanda aka taɓa ɗaga su da jak ta ƙarƙashinsa, a buge shi ya koma daidai, saboda rariya na buƙatar ratar kamar milimita 6 zuwa 10 daga gindin kasko. Gam ɗin da ake like kasko da shi kuma a sa siririn layi kawai. Wanda ya yi yawa yakan ɓullo ta ciki, ya yanke, ya je ya manne a rariya. A garajin da ke fili, musamman lokacin hunturu, a rufe injin da leda ko tsumma mai tsabta duk sanda aka ɗaga hannu daga kansa, don ƙurar da ta sauka a kan jiƙaƙƙen metal za ta zauna a nan.

Abin da za ka tanada

Sabon baƙin mai a rufe cikin jarkarsa, mai lambar da littafin motar ya faɗa, da ƙarin lita ɗaya a kan abin da injin ke sha. Kada a yi wannan aiki da tsohon mai da nufin a zubar daga baya, domin dattin da ke cikinsa zai fara shiga sabon metal ne kafin komai. Ga injunan zamani masu matsattsiyar rata, irin 1ZZ-FE na Corolla, 5W-30 ya fi 20W-50 saurin isa lungunan inji, kuma shi kamfanin ya rubuta. Sai sabon filta, da batir mai cikakken caji, da soket da doguwar sanda na juya kiranshaf ta notin fuli, da fitilar hannu.

Abu mafi muhimmanci shi ne agogon auna firesha mai allura, wanda ake ɗaurawa da tiyo a ramin suwic ɗin mai. Fitilar mai da ke gaban direba ba ta isa shaida ba. Suwic ɗinta yana kashe ta da zarar firesha ta kai abin da bai kai rabin bar ba (bar ma'aunin firesha ne), wanda bai isa ya riƙe inji mai aiki ba. Ka kula da zaren ramin: motocin Japan galibi zaren BSPT ne mai girman 1/8, agogo da yawa kuma suna zuwa da NPT na Amurka. Da ido kamar ɗaya suke, amma ɗaya yana da zare 28 a inci, ɗayan 27. In ka tilasta wanda ba nasa ba a jikin alminiyam, zaren zai lalace ko bakin ramin ya tsage.

Filta da zuba mai

Tabbatar tsohuwar robar filta ba ta manne a mazaunin ba. Idan filtan yana ɗaurewa bakinsa na kallon sama, cika shi da mai, ka jira takardar ciki ta sha, ka ƙara. Babban ramin tsakiya shi ne ɓangaren da ke tafiya kai tsaye zuwa metal ba tare da tacewa ba, saboda haka kada ko ɓurɓushin murfin jarka ya faɗa ciki. Idan a kwance yake ɗaurewa, zuba rabi ka jujjuya shi takardar ta jiƙe. Shafa mai a robar, ɗaura da hannu har ta taɓa mazauni, sannan ka ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye. Ba a sa sifana wajen ɗaurewa.

In murfin saman inji a buɗe yake, wanda shi ya fi, kwarara wani ɓangare na man a kan kamshaf da sarƙar taimin, sauran ya gangara kasko. Duba sandar geji ta nuna cike, sai dai in hanya ta farko da ke ƙasa za ka bi, inda wani kaso na man zai bi ta tanki.

Hanya ta farko: tura mai daga waje

Hanyoyi uku ake bi wajen zagaya da man. Wannan ita ce mafi inganci ga injunan da kiranshaf ke juya famfonsu kai tsaye ko ta sarƙa, wato kusan duk motocin da ke kan titi yanzu. Ana sayar da tanki na musamman don wannan aiki, amma sabon famfon feshi na hannu mai lita biyar, wanda bai taɓa ɗaukar maganin gona ko ruwa ba, yana yi. Cire sandar feshin, ka haɗa tiyon da kan ƙarfe mai zaren da ya dace da ramin suwic ɗin mai, ka matse da kilif.

Zuba lita biyu zuwa uku a tankin, kuma ka rage daidai wannan adadi daga abin da za ka zuba a kasko, domin duk wanda ka tura can zai ƙare. Injin da ke shan kusan lita 4, ka zuba ɗaya da rabi a kasko, sauran su bi ta tanki. Kafin ka ɗaura kan a jikin inji, buɗe mai ya cika tiyon ya kori iskar ciki. Ɗaura, ka buga famfo har firesha ta kai bar 2 zuwa 3, ka buɗe.

Yanzu ɗauki soket ka juya kiranshaf da hannu, ta ɓangaren da inji ke juyawa, kwata ɗaya na zagaye, ka dakata kamar rabin minti, ka ƙara kwata. Ci gaba har ka cika zagaye biyu, wanda shi ne zagaye ɗaya na kamshaf. Dalilin juyawar shi ne hudojin da ke jikin shaf ba kowane lokaci suke fuskantar hanyar mai ba, kuma a wasu injuna mai ba ya hawa sama sai shaf ya zo wani matsayi. Fulogi su kasance a cire don juyin ya yi sauƙi.

Idonka ya kasance a kan top silinda. Abin da kake jira shi ne ka ga mai yana tsattsafowa daga gefen kowane mazaunin kamshaf, har na can ƙarshe mafi nisa daga famfo. A injin mai roka (ƙaramin hannun da ke danna bawul), kowace roka ta jiƙe. A injin V6, ɓangarorin biyu duka. Da farko za ka ga kumfa da tartsatsin iska, ka jira har man ya zo sumul. Rufe tankin tun da sauran mai a gindinsa, don in ya ƙare iska zai tura, ka koma inda ka fara. Wannan hanya tana cika filta da hanyoyin inji, amma ba ta tabbatar da cewa famfon motar da kansa yana tsotso ba. Saboda haka bayan ka cire tiyon, ɗaura agogo a ramin ka bi da ɗan juyi da kik kamar yadda zai zo a hanya ta uku.

Hanya ta biyu: juya famfo da na'urar huda

Wannan ta tsofaffin injuna ce waɗanda gindin distiributa ke juya famfon mai, kamar 2F na tsohuwar Land Cruiser da injunan V8 na Chevrolet da Ford na da. Kafin ka cire distiributa, yi alama a inda rotarsa ke kallo, ka kuma lura da ɓangaren da take juyawa, domin nan za ka juya famfon. Ƙaramin V8 na Chevrolet yana bin hannun agogo, na Ford yana saɓa masa. In ka juya baibai, famfo zai riƙa mayar da mai kasko ne.

Leƙa ramin da fitila ka ga bakin shaf ɗin famfo, ko tsaga ce ko mai kusurwa shida. Sandar da ta fi dacewa ita ce ta tsohon distiributa da aka cire wa giya aka bar gangar jikinsa. A injin Chevrolet wannan gangar jiki ce ke toshe hanyar man da ke zuwa tapet, in babu ita mai zai zube ta ramin, ɓangare ɗaya ya zauna a bushe. Idan soket za ka yi amfani da shi, naɗe shi da sandarsa da salatif don kada ya suɓuce ya faɗa cikin inji. Akwai injunan da giyar ba a jikin distiributa take ba, tana kan wani shaf da ke cije da kamshaf ko bayan an cire distiributa. Irin waɗannan ba sa juyuwa da na'urar huda, a bi da su ta hanya ta farko.

Sa na'ura mai ƙarfi, ka fara a hankali. Cikin 'yan daƙiƙu za ka ji ta yi nauyi tana neman murɗe maka hannu, alamar famfo ya kama mai ke nan. Riƙe ta da hannu biyu, wani ya duba agogo, wani ya riƙa juya kiranshaf kwata-kwata har zagaye biyu. Da ka gama, mayar da fistin na ɗaya saman bugunsa na matsi, ka zaunar da distiributa bisa alamarka, ka tabbatar ya shige har ƙasa ya kama bakin famfo. Distiributan da ya tsaya da ratar 'yan milimita bai kama famfo ba, kuma inji na iya tashi a haka babu mai ko ɗigo.

Hanya ta uku: juyawa da kik ba tare da inji ya kama ba

Ita ce wadda kowa ke da kayanta, amma ita ce mafi rauni, saboda sassan suna motsi kafin mai ya iso. Tana yin amfani idan an shafa man haɗi sosai, an jiƙa famfo, an cika filta.

Cire fulogi duka. Da babu matsi, nauyi ya sauka daga kan metal, kik kuma zai juya da sauri. Yanke fetur: a motocin Toyota cire fiyus ɗin EFI, a wasu kuma rile na famfon fetur, ko ka zare wayoyin nozul. Wannan ba abin tsallakewa ba ne, domin fetur da ke fesowa cikin silinda zai wanke man bango, ya gangara kasko, kuma tururinsa da ke fita ta ramin fulogi yana iya kamawa da wuta. Zare wayoyin kwayil ma. A injin gas, cire hita fulogi, ka zare wayar solanoyid da ke kan famfon gas, a masu kwamfuta kuma wayoyin nozul.

Juya na daƙiƙa 10 zuwa 15, ka saki, kik ya huta minti ɗaya, ka sake. Allurar agogo takan motsa a zagaye na biyu ko na uku. Ba za ka ga firesha irin ta injin da ke aiki ba, amma allura ta tashi a fili, sau da yawa ta haura bar 1 da sanyin mai, ta tsaya ba tana rawa ba. Idan ka yi sau huɗu babu motsi, tsaya. Ci gaba da juyi yana share man haɗin ne kawai, musamman a kan ƙusoshin kamshaf waɗanda ba sa samun mai sai na fantsama.

Mota mai turbo tana da ƙarin mataki. Kwance bututun da ke kai masa mai daga sama, ɗura sabon mai a ramin da sirinji, ka juya fankar da yatsa. Mayar da bututun, ka sassauta na ƙasa mai mayar da mai, ka juya da kik har ka ga mai ya fito ta nan kafin ka ɗaure.

Idan firesha ta ƙi zuwa

Fara da mai sauƙi. Cire agogon ka juya da kik na daƙiƙa biyu da tsumma a bakin ramin. In mai ya feso, agogo ne ko tiyonsa ke da matsala. In babu, sassauta filta zagaye ɗaya ka sake juyawa. Wani lokaci iska ce ta taru a gaban famfo ya kasa ture ta, da ta samu mafita sai mai ya biyo, ka ɗaure nan take. Idan nan ma a bushe yake, cire filtan ka ɗura mai da sirinji ta ramin gefe na mazauninsa, wanda ke zuwa daga famfo, don ya gangara ya jiƙa haƙoran ta baya.

In duk wannan bai yi ba, matsalar tana ciki, kuma sauke kasko yanzu ya fi sauke inji gaba ɗaya sauƙi. Abin da aka fi samu shi ne bututun tsotso yana jan iska ta gasket ɗinsa, ko ya tsage a wuya. Sai bawul ɗin rage firesha da ke jikin famfo wanda ya maƙale a buɗe saboda ɗan datti ko an juya shi wajen haɗi, mai na zagayawa cikin famfo ba ya fita. Sai toshiyar hanyar mai da aka cire lokacin wanke bulok aka manta ba a mayar ba. Alamar wannan ita ce mai yana zuwa filta da yawa amma allura ba ta tashi, wani lokaci har ka ji ƙarar zubarsa cikin kasko.

Akwai kuma yanayin da agogo ke nuna firesha mai kyau amma sama a bushe. Nan ka zargi gasket ɗin top silinda: an kifa shi, ko ba na injin ba ne, ya rufe hudar da mai ke hawa ta ciki. Gam ma yana toshe wannan huda. Wani kuskuren da agogo ba ya nunawa shi ne musanya metal na kwance, a sa mai huda da kwari a ƙasa, marar huda a sama inda hanyar mai ta fito. Wannan sai dai a kiyaye shi tun wajen haɗi, a leƙa kowace huda a ga ta yi daidai da ta bulok kafin a ɗora shaf.

Tayarwa

A tayar da injin a ranar da aka yi wannan aiki. In ya kwana biyu, a maimaita juyi da kik. Rufe murfin sama, mayar da fulogi, kwayil da fiyus, cika lagireto, ka sake duba sandar geji, domin filta da hanyoyi sun sha wani kaso. Bar agogon a ɗaure. A motar da famfon fetur ɗinta ke tashi da an murɗa makulli, kunna makulli sau biyu ko uku ba tare da ka buga kik ba don fetur ya cika layi, inji ya kama da bugu ɗaya.

Mutum ɗaya a kan makulli, ɗaya a kan agogo. Allura ta tashi cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. In ta kai biyar ba ta motsa ba, a kashe. Kada a taka totur don a kira mai. A 1ZZ-FE, bayan inji ya yi zafi, littafin Toyota yana neman aƙalla bar 0.3 a silo, da kamar bar 3 zuwa 5.4 a juyi 3000. Wannan na silo shi ne mafi ƙarancin abin da aka yarda da shi, injin da aka sa wa sabbin metal ya kamata ya wuce shi nesa. Leƙa ƙarƙashi da fitila, ka duba robar filta, notin kasko da bakin agogo. Tapet masu aiki da mai suna iya yin ƙara na 'yan mintuna har iskar cikinsu ta fita, amma ƙara mai nauyi daga ƙasan inji dalilin kashewa ce nan take.

Idan an sa sabon kamshaf mai tapet masu shafaffen gindi, irin na tsofaffin injuna, ba a barinsa a silo. Da firesha ta tabbata, a ɗaga shi zuwa juyi 2000 zuwa 2500 na minti 20, ana ɗan hawa da sauka, ana lura da zafi, don mai ya riƙa fantsama a kan ƙusoshin.

Bayan an kashe, jira minti biyar ka duba geji ka cike. Idan inji ya huce, cire agogo, shafa ɗan gam a zaren suwic ɗin mai ban da zare biyu na bakinsa, ka ɗaura, ka mayar da wayarsa, ka tabbatar fitilar mai tana kamawa da an kunna makulli tana kuma mutuwa da inji ya tashi. Man farko da filtansa a canza su tsakanin kilomita 500 zuwa 1000. Tari man a kwano mai tsabta ka duba shi a rana: ɗan ƙyalli mai laushi na zaman ring ne, amma ɓarɓashi mai launin tagulla ko gutsattsarin da yatsa ke ji daga metal yake, sai a yanka filtan a buɗe takardarsa a duba kafin motar ta sake hawa titi.